Baƙi daga Legas, ƙarshen mako ɗaya, kuma babu teku: ina za a kai su a Bauchi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bauchi. Bara na je Legas wurin abokaina da muka yi bautar ƙasa tare, suka kai ni Badagry, muka tsallaka ruwa da kwalekwale zuwa Gberefu, muka taka a ƙafa har bakin teku, washegari kuma muka wuni muna yawo a kan rairayi. Yanzu su huɗu za su zo mini a ƙarshen Janairu, ɗaya da matarsa. Za su sauka ranar Juma'a da hantsi, su koma Litinin da safe. Mutane ne masu son tafiyar ƙafa da ruwa, mu kuwa ba mu da teku. Na tsara in kai su Yankari da Sumu da dutsen Mbula a Dass da kabarin Tafawa Ɓalewa, in lokaci ya bari mu leƙa Dadin Kowa a Gombe. Tsarin ya yi? Kuma me zai tsaya mana a madadin teku don kada in ji kunya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo baƙin lafiya. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko wurare biyar za su shiga cikin Juma'a da Asabar da Lahadi, da kuma yadda za ka rama wa mutanen da suka nuna maka teku alhali kai duwatsu da daji gare ka. Na shafe shekaru ina raka baƙi yawon buɗe ido a ƙasar Bauchi, daga 'yan makaranta cike da bas har zuwa mutum biyu da kyamara, kuma jerin da ka rubuto na sha ganin irinsa. Kusan kowane mai masauki da shi yake farawa, don yana son baƙo ya ga komai.

Bari in fara da kunyar, don ita ce mai sauƙi. Mutumin da ya tashi daga Legas ya taho Bauchi ba teku ya zo nema ba, ya baro ta a bayan gidansa. Abin da ba shi da shi kake da shi: fili da ido ke gani har ya gaji, dutse da za a hau a hango gari, dare mai taurari babu ƙarar mota, da ruwan ɗumi mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse a tsakiyar daji. Saboda haka ka daina neman abin da ya yi kama da teku. In ka kai su bakin dam ka ce ga tamu tekun, kai da kanka ka jawo su kwatanta, kuma kai za ka faɗi.

Lissafin hanya

Tsarinka bai yi ba, kuma dalilin yana kan taswira. Wuraren nan kowanne fuskarsa daban. Sumu tana arewa, ta hanyar Ningi, a ƙaramar hukumar Ganjuwa. Dass tana kudu maso yamma, kusan awa guda a mota. Yankari tana kudu maso gabas, a ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma daga cikin gari zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake a cikin dajin, kimanin kilomita 110 ne. Gombe kanta ta haura kilomita 150 daga Bauchi, Dadin Kowa kuma sai ka ƙara kusan 40 a gaba. Babu biyu daga cikinsu da ke kan layi ɗaya yadda za ka ce in mun fito nan sai mu faɗa can, sai dai Yankari da Gombe, su ma sai ka sake fitowa babban titi. In ka dage sai ka haɗa su duka, abin da abokanka za su fi gani shi ne ƙeyar direba. Su da suka zo don su taka ƙasa, za su koma da ciwon baya na zaman mota.

Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina, a farkon fara aikina. Wasu baƙi uku na ɗauka, na yi musu alkawarin Dass da safe, Yankari da yamma. Muka sauko daga dutse rana ta take, muka tsaya cin abinci, tayar mota ta yi faci a hanya, muka isa Wikki bayan motar zagayen kallon dabbobi ta yamma ta riga ta fita. Washegari da sassafe dole mu juya don jirginsu. Sun kwana a Yankari ba su ga ko gwanki ba, sai birai a bakin ɗaki. Tun daga ranar na daina haɗa manyan wurare biyu a wuni ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Shawarata ita ce ka ɗauki Yankari a matsayin uwar tafiya, ku kwana a can, ka ƙara mata cikin gari ranar Juma'a da hawan dutse ɗaya na kusa ranar Asabar da asuba. Sauran ka ajiye su, su zama dalilin da zai sa abokanka su dawo.

Rana ce ke tsara tafiya

Kafin in zo kan wuraren, akwai abin da ya kamata ka fahimtar da su tun kafin su haɗa jaka. Tafiya a bakin teku da tafiya a kan dutsen Bauchi ba iri ɗaya ba ne, ko da nisan ya zo daidai. A can ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, iska na kaɗowa daga ruwa, kuma jiki na jiƙewa da gumi har mutum ya san yana zubar da ruwa. A nan, a ƙarshen Janairu, hunturu ne. Iska busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai mutum ya yi awa biyu yana tafiya bai ji ƙishirwa sosai ba, can sai kai ya fara sarawa, ƙafa ta yi nauyi. Mutanen kudu da na raka, wannan ne ya fi kayar da su, ba tsayin dutsen ba. Leɓe ya tsage, hanci ya bushe har wani ya yi haɓo. Don haka kowa ya riƙe gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi aƙalla don hawan safe, a riƙa kurɓa tun ba a ji ƙishi ba, a sa basilin a aljihu, a tafi da ƙunshi ɗaya ko biyu na gishiri da sukari na kemis.

Sannan ka gaya musu su zo da rigar sanyi. Za su yi maka dariya a waya, su ce Arewa da zafi, amma da asubar Janairu a bayan buɗaɗɗiyar mota a cikin daji, wanda bai zo da ita ba zai roƙi bargon ɗaki. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya kuma dutsen da ke da sanyi da safe ya fara ƙona tafin hannu. Wannan ya sa duk wata tafiyar ƙafa a nan ana yinta ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Tsakiyar rana ta inuwa ce da ruwa.

Lokacin da suka zaɓa yana da kyau. Ciyawa ta bushe, tafkunan cikin daji sun fara ƙafewa, dabbobi na matsowa kogin Gaji da ke ratsa Yankari. Da a ce Maris ko Afrilu ne, ganin dabbobi zai fi haka, amma zafi kan kai digiri 40, kuma ba zan ba ka shawarar hawan dutse da baƙi ba. Da damina kuwa daji kore shar, kyakkyawa, sai dai ciyawa ta fi mutum tsayi, hanyoyi sun yi taɓo. Illar Janairu ɗaya ce, hazo. Wata rana ka hau dutse ka hango har nesa, wata rana ƙura ta rufe komai. Wannan ba a hannunka yake ba, ka faɗa musu tun da wuri.

Juma'a da safiyar Asabar

Ranar da suka sauka kada ka wahalar da su. Daga filin jirgi a kai su masauki, waɗanda za su yi sallar Juma'a a tafi masallacin da ke kusa da fadar Sarki, su ga yadda gari ke cika. Bayan la'asar ku je kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Wurin ba ya ɗaukar fiye da awa guda, amma ban taɓa kai baƙo ya fito yana surutu ba. Ana bi ta wani lungu mai duhu kafin a fito fili inda kabarin yake, babu rufi a kansa, babu ado, kuma akwai ɗakin da aka ajiye wasu kayayyakinsa da hotuna. Mutanen Legas sun san sunansa a jikin babban dandalin garinsu da kuma takardar naira biyar, ganin inda yake kwance cikin wannan sauƙin yakan taɓa su. Daga nan a zaga da su ta Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti, ka ba su labarin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kafa garin a farkon ƙarni na 19 ya kewaye shi da ganuwa. A rufe da masa. Wanda ya zo Bauchi bai ci masa da miya ba, da sauran zuwa.

Asabar da asuba sai dutse. Ba sai ka je Dass ba. Garin Bauchi duwatsu ne suka kewaye shi, kuma wajen madatsar ruwan Gubi, wadda ke shayar da gari, akwai tuddai da ruwa a wuri ɗaya, minti kaɗan a mota. Hawan awa ɗaya da saukowar awa ɗaya ya ishe ku. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne ɗan rakiya daga ƙauyen da ke gindin dutsen. Ku fara zuwa ku gaida mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ya haɗa ku da yaro ko mafarauci da ya san hanya, ku sallame shi da abin kirki in an sauko. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya san inda dutse ke da santsi, inda ƙudan zuma suka yi gida a kogo, da inda mutanen wurin ba sa son baƙo ya taka. In za ku matsa kusa da ginin madatsar, ku nemi izinin masu gadinta tukuna, kada a fara ɗaukar hoto kafin a tambaya.

Takalmi kuma kambas mai ƙarfin ƙasa, da safa, da dogon wando. Silifas ɗin bakin teku ya tsaya a ɗaki. Kada kowa ya cusa hannu a ramin dutse ko ya ɗaga dutse don wasa, saboda kububuwa da kunama. Yankin nan namu, musamman ta Gombe, an san shi da saran maciji, shi ya sa ma akwai asibiti na musamman a Kaltungo. Da sanyi ba su cika yawo ba, amma suna nan a maƙale. Saukowa ta fi hawa haɗari, don a nan gwiwa ke rawa, mutum kuma ya saki jiki yana ganin an gama.

Yankari

In kun sauko daga dutse ranar Asabar, ku karya, ku kama hanyar Gombe wajen ƙarfe goma. A Dindima za ku karkata, ku yi kusan kilomita 29 zuwa babbar ƙofa a Mainamaji, daga nan kuma akwai wasu kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji kafin Wikki. Ku cika tanki tun daga Bauchi, ku duba safaya, ku riƙe tsabar kuɗi don sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a can. Kuɗin shiga da na ɗaki da na motar zagaye suna canzawa, saboda haka ka kira ka kama ɗakuna tun mako biyu kafin ranar, ka ji farashin da bakinsu. A hanyar cikin dajin kada direba ya yi gudu, dabba na iya tsallakowa, kuma sau da yawa a nan baƙo ke fara ganin mazo ko gwanki.

Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Girman nan shi ne dalilin da ya sa dole ka gyara wa abokanka tunani a kan abu ɗaya: a Yankari ba a saɓa jaka a shiga daji a ƙafa yadda ake bin gaɓar teku. Akwai giwaye, akwai ɓauna, akwai dorina da kada a kogin Gaji. Ana fita ne a mota tare da ma'aikacin gandun, a sauka a inda ya ce a sauka. Tafiyar ƙafar da za su samu ita ce ta wuraren da aka saba tsayawa, kamar kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, masu ƙananan ƙofofi zagayayyu da sai ka durƙusa za ka shiga. Sunan wani mai bincike P. J. Marshall aka sa musu, wanda ya bayyana su a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey sama da 130 da aka haƙa suna haɗe da juna ta ƙasa, akwai tsofaffin matoyan narkar da tama, akwai dutsen Kalban mai shimfiɗaɗɗen kai inda ake hango daji ta ko'ina. Ku tambayi ma'aikacin tun da kuka isa wanne hanyarsa ke biyuwa a lokacin, ku zaɓi ɗaya ko biyu don safiyar Lahadi.

Giwa kuwa kada ka yi wa kowa alkawarinta. Garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, amma daji ne ba gidan zu ba. Na taɓa shiga sau huɗu a jere ban ga ko ɗaya ba sai kashinsu da rassan da suka karya, na kuma taɓa cin karo da su minti ashirin da barin sansani, muka kashe mota muna jin ƙarar kunnuwansu. Abin da kusan tabbas za ku gani shi ne gwambaza, gadu, mazo, birai, da tsuntsaye, waɗanda an ƙirga sama da iri 350 a dajin. Fita biyu, ta yammar Asabar da ta sassafen Lahadi, ta fi fita ɗaya nesa ba kusa ba, kuma wannan shi ne babban dalilin kwana. Ku sa tufafi masu launin ƙasa da dogon hannu, ku guji baƙi da shuɗi, don su ƙudan tsando ke bi, cizonsa kuma kamar allura.

Sai ruwan Wikki, wanda shi ne amsar tambayarka ta biyu. Ana sauka ne ta matakala daga sansani zuwa wani kwari mai inuwa, sai ka ga ruwa na fitowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garau, har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma yana zubar da kimanin lita miliyan 21 kullum zuwa kogin Gaji. Kusa da bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, can ƙasa kuma bai wuce ƙugu ba, wanda bai iya iyo ba sai ya tsaya ta nan. Ku shiga da rana in kun iso, amma ku sake komawa da sassafe ko bayan magariba in an bari, lokacin da iska ta yi sanyi ruwan kuma ke tururi. Teku ba ta da wannan. Ga matar abokinka, ka sa maiɗakinka ko wata 'yar'uwa ta raka ku, ta kuma gaya mata tun a gida cewa mata a nan sukan shiga da doguwar riga da wando. Da sassafe babu cunkoso, za ta fi sakewa.

Biran sansanin, gwaggon biri nake nufi, su ne 'yan fashin wurin. Sun san leda, sun san kular abinci, sun iya tura ƙofar da ba a kulle ba. Wani baƙona ya ajiye burodi da ayaba a kan bonet don ya ɗaure igiyar takalmi, kafin ya ɗago wani ƙato ya zauna a kan rufin mota yana ɓare ayabar, yana kallonsa ido cikin ido. Kada a ba su abinci, kada a yi ƙoƙarin ƙwace abin da suka ɗauka, a kulle ƙofa da taga ko fitar minti ɗaya za a yi. Ku tafi da tocila, da maganin sauro, da ɗan guzuri irin dabino da gyaɗa da kilishi, a ɓoye cikin jaka mai zif.

In har Gombe ta zama dole

Wataƙila wani cikinsu ya nace sai ya ga babban ruwa. To wannan tafiya ce ta daban, ba ƙari a kan Yankari ba. Dam ɗin Dadin Kowa yana kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, ruwa ne mai faɗi da masunta da kwalekwale, ga dutsen Bima a kusa ga mai son hawa, ga tuddan Tula da na Tangale ta kudancin jihar. Aikina ya fi yawa a ɓangaren Bauchi, don haka in za ku can ka nemi ɗan rakiya na Gombe. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada kowa ya yi wanka a dam, ko na Dadin Kowa ko na Gubi. Ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, Dadin Kowa kuma akwai dorina, masunta da manoman bakin ruwan sun san ta sarai. Kwalekwale ma sai da rigar kariya. Sumu kuwa, mai raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya, ta fi dacewa da wunin da za a haɗa ta da tsohon gidan Madaki a Kafin Madaki, ginin shahararren maginin nan Babban Gwani, tunda hanyarsu ɗaya.

Iyakar abin da zan iya ba ka daga nan shi ne tsari. Lafiyar hanya kuwa a makon tafiyar ake tambayarta, wurin direbobin tasha da ma'aikatan gandun, don labarin wata uku da suka wuce ba ya aiki. In cikin baƙin akwai mai hawan jini, ko asma da ƙurar hunturu ke tayarwa, ko mai juna biyu, ya ji ta bakin likitansa kafin hawan dutse. Ranar Lahadi ku baro Wikki bayan azahar, yadda za ku shigo Bauchi da sauran rana, kada dare ya same ku tsakanin Mainamaji da Dindima. Da yamma a biya kasuwar Wunti a saya musu kilishin tsaraba, a naɗe shi da kyau a takarda, don jirgin safe ba ya jiran mai ciniki.